Numfashin Rijiyar Ƙasan Tsauni

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba labarin da ake yi da ƙarfi ba ne.

A ƙasan tsauni akwai wani mai yasar rijiya, Ilu. Ba shi da kowa sai tsohuwarsa Iya Kande, makauniya, mai kafiyar tsiya. Daga ubansa ya gaji sana'ar, tare da dokarta: abin da ka gani a rijiya, a rijiya za ka bar shi. Ka faɗa wa wani, harshenka ya tafi.

Rijiyar garin tana numfashi. Ruwanta yakan ɗago kaɗan, ya koma, yana bin tafiyar wata. Ilu ya san wannan kamar yunwar cikinsa. To, a watan nan sai numfashin ya rikice. Lokacin hawa ruwan ya sauka. Ya yi ɗumi, yana kumfa. Kwaɗi suka watse.

Hankalinsa ya ƙi kwanciya. Da dare ya raba, ya ɗauki fitila ya tafi shi kaɗai.

Ya tarar da wata mata a bakin rijiyar, da ƙunshin kaya a ka. Tana ɗiban ruwa, amma ba guga, ba igiya. Hannunta ne ke ta tsawo. Ya yi sallama. Ya haska ƙasa. Ba ƙafa gare ta ba, kofato.

"Ɗan mai rijiya," ta ce. Muryar daga cikin ramin ta fito. "Ƙaura muke. Ƙasar nan ta gaji da kwanciya a gefe ɗaya. Kafin asuba za ta juya."

"Ina za mu?"

"Fili. Kuma ka san dokarku."

Ilu ya sheƙa gida. "Iya, tashi in goya ki."

"Zuwa ina da tsakar daren nan? Ka sha wani abu ne?"

"Don Allah, Iya."

Ta riƙe ƙafar gado gam. "A ɗakin nan na haife ka. Ba inda za ni sai ka gaya mini dalili."

Ƙasa ta fara zubowa daga rufi. Karnuka suka ɗauki kuka. Tsoro ya kama Ilu, ba don kansa ba. Ya durƙusa ya gaya mata duka, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji suka fito.

Suna isa fili ƙasa ta yi gurnani. Tsauni ya saki duwatsu. Ɗakin Iya Kande ya zama tudu.

Da ƙura ta lafa, tsohuwa ta lalubi iska. "Ilu? Kana nan?"

Yana tsaye a gabanta. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya yi mata nuni da hannu, ita kuwa ba ido.

Har ta koma ga Allah tana kiransa, ba ta sake jin ya amsa ba.

Saboda haka in kun ga ruwan rijiya ya ɓata hawansa da saukarsa, ku kwana a fili. Kada wanda ya je leƙe shi kaɗai.