Shaidar Yayar Tsohon Miji

Auta na guga a falo Ticha, wanda zai aure ta, ya shigo, fuskarsa ba walwala.

— Mamarka ce kuma? ta tambaye shi.

— Ita ce. Wai ga 'yan mata cike da ƙungiyar mawaƙa, me zan yi da bazawara mai fayil a kotun coci?

Auta ta ajiye dutsen guga. Shekara uku ke nan da mutuwar aurenta, biyu da shigarta Katolika. Da suka kai wa Fada, limamin cocinsu, maganar aurensu, ya ce takardar saki ba ta wadatar ba, sai coci ta bincika ko auren farko ya ƙullu tun asali. Ta cike fom, ta rubuta labarinta shafi tara tana hawaye. Saura shaida, kuma mutum ɗaya ce ta san gaskiya: yayar tsohon mijinta, wadda ko gaisuwarta ba ta amsawa.

— In ka gaji ka bi maganar Mama, ba zan riƙe ka ba.

— Ni na ce miki na gaji? Gobe zan raka ki.

Washegari suka sami Yaya a shagon ɗinkinta. Auta ta durƙusa gefen keke.

— Yaya, ban zo tonon asiri ba. Abin da kika ji da kunnenki kawai za ki faɗa.

— So kike in kwance wa ƙanena zani a kasuwa?

Ta ci gaba da taka keke. Can ta tsaya, ta cire tabarau.

— Saura kwana biyu bikinku ya ce min ba zai taɓa yarda ki haihu ba, kuma kada in gaya miki. Shekara bakwai ana zagin ki juya, ni ina ji na yi shiru. Abin nan ya daɗe yana cin raina. Wace rana ake so in je?

Bayan wata biyar Fada ya kira su ofis, ya karanta hukunci: auren farko bai ƙullu ba, tunda mijin ya shige shi da ɓoyayyar niyyar hana ta haihuwa. Auta ta yi ajiyar zuciya, kamar an sauke mata dutse daga ka.

Da Mama ta ji dalilin, da kanta ta zo gidan Auta.

— 'Yata, na yanke miki hukunci ban ji ta bakinki ba. Ki yafe min.

— Ba komai, Mama. Ya wuce.

— To tashi mu je a auna ki, rigar amarya ba ta ɗinkuwa a kwana ɗaya.

Haka gaskiya take, tana iya makara amma ba ta kwana a hanya. Wanda ya jira ta da haƙuri, ba ya shiga gidansa da sunkuyar da kai.