Igiyar Gugan Da Suma'ila Ya Bari

Ranar Talata da hantsi Kellu tana tsakar gida tana shanya tabarmin da ruwan jiya ya jiƙa, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ruwan farko ke nan da ya sauka a Damagaram a wannan shekara, duk lungunan Birni sai ƙamshin ƙasa. Kakarta na zaune bakin ɗaki tana kaɗi.

"Waƙa ake yi, ko?" in ji Kaka. "Ki yi ta yi. Ni dai na gaya miki, Suma'ila mijina ne, aro na ba ki."

"Kai Kaka! Da wane haƙorin za ki ci masa goro?"

"Da dasashi mana, 'yar nema!"

Suna cikin dariya sai suka ji sallama a zaure, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Kellu ta leƙa ta bayan zana. Gardi biyu ne, 'yan sandan Nasara, da jajayen huluna, da tafintan Nasara a gabansu. Mahaifinta, Mala Kolo baduku, yana zaune cikin fatunsa da basilla a hannu.

"Mala, ina yaronka?" in ji tafinta.

"Wane daga ciki?"

"Suma'ila. Tun asuba ba a gan shi ba. Tonno, gangar ruwan Nasara, babu ruwa, garka, lambunsa, ba a ba ta ruwa ba. An duba ɗakinsa, ko tabarma bai bari ba."

Kellu ta ƙara matsowa jikin zana don ta ji sosai.

To, abin da ya faru shi ne, a lokacin nan Nasara ba su daɗe da zama a garin ba, kuma ba su ɗaukar mutum aiki sai wani babba ya tsaya masa. Suma'ila ɗan ƙauyen Garagumsa ne, maraya, uwarsa Barira kaɗai ta rage masa. Da ya zo birni neman abin yi, Mala Kolo ne ya ga hankalinsa, ya kai shi gidan wani Nasara da yake ɗinka wa sirdi, aka ba shi aikin jan ruwa. A gaban Nasaran da tafinta Mala ya kama gemunsa ya ce, "Ɗana ne. Ran da kuka neme shi kuka rasa, ni za ku nema." Shekara guda yaron yana aiki ba a taɓa jin kansa ba, har Mala ya ba shi Kellu, aka kawo kayan sa rana, aka ce sai bayan kaka.

Yau ga shi an neme shi an rasa.

Mala ya ajiye basillarsa a hankali. "Ka gaya wa Nasara ina zuwa."

"Ya ce ko ka kawo yaron, ko a kai ka biro gaban hukuma."

"Ka ce masa tonnonsa zai cika kafin azahar."

Da suka tafi, Mala ya shigo cikin gida ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye. Kellu ta sha gabansa, hawaye na zuba.

"Baba, ina za ka?"

"Rijiya."

"Kai da kanka? Baba, a samu wani mana!"

"Wa za a samu yau? Ruwa ya sauka, duk mai ƙarfi ya tafi shuka. Kuma ba gemun wani na kama ba, nawa na kama."

Ya sa kai ya fita. Dattijo mai shekara sittin, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi wuƙar yankan fata nauyi ba! Rijiyar kuwa zurfinta gaba goma sha biyu ne, kuma tun ruwan ranar Litinin sama ta ɗauke, ko ɗigo ba a sake gani ba. Tulu ashirin da safe, ashirin da yamma, ban da na garka inda Nasara ya shuka salati da karoti, wato karas.

Kafin la'asar labari ya gama Birni. Sai ga ƙanwar Mala, Gwaggo Fatsuma, ta taho daga unguwar Kara-Kara, tun daga ƙofa ake jin muryarta.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Ɗan ƙauye da ruwan sama, ai kamar akuya da ɗanyar ciyawa ne! Yanzu Mala Kolo, jikan mutanen Barno, shi ke jan guga kamar bawa! Ina kayan nan da suka kawo? A fito da su!"

"Gwaggo, don Allah..."

"Rufe min baki! Ke ba ki da hankali ne? Namijin da ya bar aiki ba sallama, ke ma wata rana za ki farka ki ga ko tabarma bai bari ba!"

Wannan magana ta soki Kellu, don ita ma abin da ke cin ta ke nan. Ranar Lahadi ya zo zance, har ya kawo mata ɗan sukari a ƙulle, yana ta yi mata Faransancinsa na kicin, wai "bonsuwar madam". Bai ce mata komai ba. Ko da wasa.

Da magariba Mala ya dawo yana tafiya a karkace. Da ya buɗe tafin hannunsa don alwala, Kaka ta yi salati. Igiya ta sale fatar, duk ta yi bororo ta fashe. Kellu ta yagi gefen tsohon zanenta, ta shafa masa man shanu ta ɗaure, tana yi tana kuka.

Fatsuma ta ce, "Yaya, ka yanke magana yau."

Mala ya dubi ƙanwarsa. Ya ce, "Ba na yanke hukunci a bayan mutum. Na ba shi zuwa Alhamis ta sama. In ya dawo da ƙafarsa, zan ji ta bakinsa. In bai dawo ba, Fatsuma, ke za ki ɗauki kayan ki kai musu."

"Da gudu ma!" in ji ta.

Kwana biyu Kellu ba ta iya cin abinci. Ranar Alhamis da safe Kaka ta kira ta ɗaki.

"Kuka ba ya jan ruwa, 'yar nan. Yau kasuwa ce. Akwai wata mai daddawa da ke zuwa daga Garagumsa, na san rumfarta."

"Me zan ce masa, Kaka? In ce ya dawo domina? Wallahi ba zan roƙe shi ba."

"Wa ya ce ki roƙe shi? Ki sanar da shi abin da ya bari. In ɗan halak ne, ya ishe shi."

Kellu ta tashi ta ɗauko tsumman da ta kwance daga hannun mahaifinta da asuba, duk jini ya bushe a jiki. Ta naɗe shi cikin ganye. Amma ba ta fita ba sai da ta biya rijiya ta durƙusa ta gaya wa Mala abin da za ta yi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da jan gugansa. Kaka ta ce ai shirun babba izini ne.

A kasuwa Kellu ta ce wa mai daddawa, "Inna, ki ba Suma'ila ɗan Barira wannan. Ki ce daga hannun Baba na kwance shi. Ki ce shi ke jan igiyar."

"Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan."

Garagumsa tafiyar kwana biyu ce. Kellu ta yi ta lissafi da yatsu: Asabar saƙo zai isa, in ya taso nan take, Litinin. Litinin ta zo, tun safe idonta na kan ƙofa. Har rana ta faɗi babu kowa sai Gwaggo Fatsuma, wadda ta zo wai duba ko asu bai ci kayan ba.

Talata da sassafe Kellu ta kai wa mahaifinta kunu bakin rijiya. Tana tsaye tana kallon yadda yake cije leɓe in igiya ta taɓa ciwon, sai ta ji muryar mace a bayanta.

"Wuce! Wuce gaba, mara kunya! Ka tsaya kana noƙe-noƙe kamar kazar da ruwa ya daka!"

Ta waiga. Wata 'yar tsohuwa ce siririya, ƙafafunta fari fat da ƙura, tana tura wani dogon saurayi da sandarta. Suma'ila!

Ƙwaryar kunun ta kusa suɓucewa daga hannun Kellu. Ta ajiye ta, ta zauna a kan dutse.

Suma'ila bai ko dube ta ba. Ya zube gaban Mala, ya kama ƙafarsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sai ya miƙa hannu ya karɓi igiyar.

Mala ya sakar masa. Ya ce, "Tulu goma sha ɗaya suka rage."

Sai da ya cika su duka, sannan aka zauna a inuwar gawo. Barira ce ta fara.

"Mala, ni ce uwar wannan abin. Ya zo mini ran Laraba, na yi murna, na ce Nasara ya sallame ka? Ya ce e. Ƙarya! Da tsumman nan ya iso, na ce ko ƙwaya ɗaya ba zai ƙara sa mini a gona ba. Geron da aka shuka da jinin hannun dattijo, wa zai ci shi? Shi tun ran Asabar ya so ya taho da gudu, ni na ce sai da ni. Ƙafata ce ta ja mana kwana uku."

"Sannu da hanya," in ji Mala. Ya juya. "Kai kuma, me ya sa?"

Suma'ila ya sunkuyar da kai. "Baba, gonar Inna ce, ba ta da kowa. Kuma kuku da mai wanki suka ce mini kada in kuskura in nemi farmisiyo, izinin tafiya. Wai duk wanda ya ce zai tafi, sai a sa shi cikin 'yan dako a tura shi Agadas. Suka ce kowa sulalewa yake yi, in shuka ta ƙare ya nemi wani gidan."

"Su wa ya tsaya musu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kai fa?"

Suma'ila ya dubi hannun Mala.

"Na ɗauka... na ɗauka maganar gemun nan, magana ce kawai ta manya."

Barira ta ɗaga sanda, Mala ya tare ta. Har ya ɗan yi murmushi.

"Suma'ila, ban ga laifinka don ka ji tsoron Nasara ba, kowa na jin tsoronsu. Ban ga laifinka don ka tuna da uwarka ba. Amma gidana taku nawa ne daga nan? Da ka biyo ka ce Baba ga halin da nake ciki, da tun kafin ruwa ya sauka mun nemi wanda zai riƙe maka. In ma ba a samu ba, da na ja igiyar nan da farin ciki, ina sane. Ciwon ba a hannu yake ba."

"Na tuba, Baba. Wallahi na tuba."

"Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. Tashi mu je."

Kellu ta bi bayansu da ta ga sun nufi gidan Nasara. Ita da Barira suka tsaya nesa suna ta addu'a. Suna jiyo faɗa da yaren da ba su sani ba, tafinta na juyawa. Can sai ga su sun fito, su biyu, babu gardi a bayansu.

"Alhamdu lillahi!" in ji Barira, ta zauna daɓas a ƙasa.

Ba a ɗaure shi ba, ba a tura shi Agadas ba. Zagi dai ya sha, aka kuma ce sai ya yi kwana goma sha biyar yana aiki, ya kawo wanda zai gaje shi ya nuna masa komai, sannan ya tafi. Haka ya yi. Ran da kwanakin suka cika ya miƙa guga da igiya hannu da hannu, ya bi kuku da mai wanki da mai gadi ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama, suna ta kallonsa kamar sabon abu. Gonar Barira kuwa, maƙwabta suka yi mata gayya suka ƙarasa shukar, ya isa daidai noman farko.

Ranar Alhamis ɗin da aka ɗiba, Gwaggo Fatsuma ta zo da gammonta na ɗaukar kaya. Ta tarar da Barira da Kaka suna cin goro a tabarma ɗaya.

"To, ni dai na faɗi tawa," in ji ta, tana cusa gammon cikin zane.

"Kin faɗa, kuma ta yi amfani," in ji Kaka. "Zauna ki ci goro."

Kellu ce ba ta sauko da wuri ba. Da ya zo zance ta bar shi tsaye a zaure har ƙafarsa ta gaji, sannan ta fito.

"Kellu, fardon..."

"Ka ajiye mini Faransancin nan. Abu ɗaya nake so. Duk inda za ka, ko da daɗi ko ba daɗi, ka faɗa da bakinka. Zan iya haƙurin tafiyarka. Ba zan iya haƙurin in farka in ji a bakin gardi ba."

"Na yi alkawari."

"Kama gemunka."

Ya shafa haɓarsa, gashi bai fi bakwai ba. Ta yi iya ƙoƙarinta, dariya ta ƙwace mata.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Hannun Mala ya warke, shi ya ɗinka wa ango takalmi da kansa.

'Yan'uwa, abin da ke cikin wannan labari ba ɓoyayye ba ne. Aiki ko na wane ne, da sallama aka shige shi, da sallama ake barinsa. Igiyar da ka saki ka tafi ba a ƙasa take faɗuwa ba, a hannun wani take faɗawa, kuma sau da yawa hannun mai ƙaunarka ne. Wanda ya yi haƙuri ya saurari mai laifi kuma, kamar Mala da 'yarsa, ba ya yin asara.

Shi kuwa Suma'ila, abin har ya so ya yi yawa. Ko masallacin ƙofar gida zai je sai ya tsaya tsakar gida ya ce, "Kellu, zan je salla, yanzu zan dawo." In Kaka ta zo wuni ta ji, sai ta ɗaga murya:

"A dawo lafiya, mijina! A gaida mutanen Agadas!"