Danne-dannen Kwamfuta

"Wai shi wannan mai danne-dannen ne zai riƙe min ke? Allah ya kiyaye!"

Abba ne ya faɗi haka a falo, a gaban 'yarsa Auta, yana sane sarai saurayin nata na tsaye bakin ƙofa. Wannan saurayi kuwa, da ake kira Injiniya, shi ya gina wa shagon kayan ɗakin Abba shafin intanet. Wata biyu yana kan aikin, sau goma sha ɗaya ana sa shi ƙara girman tambari, ƙarshe aka sallame shi da kuɗin data.

Da Auta ta bi Injiniya waje tana kuka, idonsa ya kaɗa ya yi jawur.

"Wallahi yau zan rufe shafin nan! Fasuwod ɗin yana hannuna. Ya farka ya ga wayam!"

"Ka rufe, ka rufe har da ni," in ji ta. "In ramuwa kake so, ka ba shi kayansa kawai."

Ya daɗe yana huci. Washegari ya rubuta fasuwod a takarda, ya durƙusa ya miƙa. "Abba, ga shi. Tunda danne-danne ne."

Abba ya saka tabarau, ya ce zai ƙara wa gadajensa farashi da kansa. Ya danna, ya sake dannawa, sifili biyu suka yi ɓatan dabo. Kafin azahar waya ta hana shi sakat, mutane sun cika ƙofar shago, kowa na neman gado a kuɗin filo!

Da ƙafarsa ya hau benen Injiniya, hula a karkace, yana haki.

"Ɗana, ka rufa min asiri."

Gaskiya Injiniya ya ji daɗi har cikin ransa, ya so ya ce sai gobe. Sai ya tuna hawayen Auta, ya jawo kwamfuta ya gyara.

"Au, minti biyu kawai?"

"Minti biyu da shekara bakwai na koyo, Abba."

Abba ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Ka turo magabatanka."

Da Injiniya ya rufe shafin nan, da ya huce fushin yini ɗaya ya rasa Auta har abada. Kai kuma mai raina sana'ar wani, zauna kan kujerarsa tukuna.