Babu Kujera

"Wai tikiti ya ƙare?! Abdullatif, ni za ka kalla ka ce wa tikiti ya ƙare?"

"Wallahi rabin raina, tun daga Dutsin-Ma nake danna wayar nan. Duk jirgin da na taɓa sai ta ce babu kujera..."

A zauren gidanmu na Kurfi muke, ya yi zuru-zuru abin tausayi, ni kuwa ko a jikina.

Tun rasuwar mahaifina, ƙaninsa Baffa Atiku na Abuja ne waliyyina, mutum mai magana ɗaya. Ya ce ba zai sa mana rana ba sai ya ga yaron ido da ido ran Juma'a, don Asabar zai wuce Umara. In bai zo ba, sai baɗi. Mahaifiyar Abdullatif kuma ta rantse ɗanta ba zai bi titin Kaduna zuwa Abuja a mota ba, ko jirgin ƙasa ko ya zauna gida.

"Ka hau mota mana! Wa zai faɗa mata?"

"Hafiza, in saɓa wa Hajiya a hanyar neman aure? Da wace albarkar zan zauna da ke?"

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma haushin ya ƙaru. Na fashe da kuka.

Sai ga kakata Iya Zaituna, mahaifiyar su Baffa, ta leƙo riƙe da 'yar kujerarta ta tsugunno, wadda ta yi baƙi saboda tsufa.

"Angona, mi na ji kana cewa? Babu kujera? Ungo wagga. In ka shiga ka samu lungu ka zauna abinka."

"Iya, ai ba irin wannan..."

"Raina ta ka yi?"

Ina shi ina musu da Iya! Haka malamin makaranta guda ya ɗaure kujerar mata a bayan babur, yaran unguwa na ta dariya.

Ran Juma'a ya kira ni daga tashar jirgi ta Rigasa a Kaduna, wai ya je ne ko Allah zai sa wani ya fasa tafiya. Babu wanda ya fasa. Ya yi layi, ya roƙa, ƙafa ta gaji, ya sauke kujerar Iya a bakin ƙofa ya zauna. Wata mata har ta tambaye shi ko kitso yake yi.

Da la'asar ya sake kira.

"Jirgin ƙarshe ya tashi, Hafizata... Ki yafe min."

Ranar na san ina son bawan Allahn nan har cikin ƙashina. Na kifa kai a cinyar Iya ina ta rizgar kuka.

"Ke tashi, kin jiƙa min zane. Kira min Atiku."

Baffa na ɗauka ya fara faɗa. "Iya, kin ga yaran zamani ko? Bai zo ba!"

"Yana Kaduna tun safe, zaune bisa kujerata."



"Wace kujerar? Ba dai ta ɗakinki ba? Wadda kika zane ni da muciya don na hau?"

"Ita."

"Iya, ko marigayi Yaya ba ki taɓa bari ya zauna a kanta ba fa!"

"To na ba wanga. Yaron da ya ƙi saɓa wa uwa tai don mace, shi zan ba ɗiyar ɗana. Kana da magana?"

Na ji Baffa ya ja dogon numfashi, sai kuma ya yi dariya.

"Wanda kika zaunar, ni wane ne da zan tsayar da shi? A ce wa iyayensa su zo, bayan Sallah za a ɗaura."

Na rungume Iya, ina kuka ina dariya. "Iya, Allah ya so ba ki san mene ne tikiti ba!"

Ta harare ni. "Ja can, 'yar nema! Na hau jirgi daga Funtuwa har Ƙauran Namoda ubanki na goye a bayana."

Sai ta share ido da bakin zane.

"Da yana raye, da shi zai tsaya miki. Tunda ba shi, ai ina nan."