Wanda Ya Biya wa Shifa'u Karatu

Bayan la'asar na ɗauko ƙanwata Shifa'u a babur daga Ɗorayi, muka nufi Sharaɗa. Ranar ce za ta ba da haddarta ta ƙarshe ta bidiyo, ga wata malama 'yar Kano da ke zaune a Sudan. In ta tsallake a ba ta shaidar kammalawa, in ta faɗi sai baɗi. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da wani buri sai wannan.

Unguwarmu ba wuta, sabis kuma sai a hankali. Ni kuwa ina aikin sito a wani tsohon kamfanin saƙa da aka mayar ma'ajiyar buhuna, kuma ofishin akwai sola da intanet.

Maigadinmu, Malam Ya'u mutumin Damagaram, ya buɗe mana ƙofa.

"Abdulbaƙi, karatu za a yi a ciki?"

"E, Malam, kun ga ɗalibar."

Ya daɗe yana kallon Shifa'u, sannan ya ce, "To, kar dai magariba ta same ku."

Kyamarar kwamfutata ta daɗe da mutuwa, sai na haɗa ta da wayata ba tare da kebul ba. Na ɗaure wayar da roba a saman allon kwamfutar, idonta yana kallon kujera. Hoto ya fito tar. Har ina yi wa Shifa'u tsiya, wai yau Sudan za ta ga ƙurajen goshinta.

Malama ba ta shigo da wuri ba. Rana ta yi ja kafin muka ji sallamarta.

"A zagaya da kyamarar in ga ɗakin," in ji ta. "Sharaɗina ɗaya ne, ba mai biya mata ko da harafi. Yayanta, ka fita."

Na fita na tsaya a bayan gilashin ofis, inda nake hango ƙeyar Shifa'u da allon kwamfutar. A bayana tsoffin injinan saƙa ne jere, an lulluɓe su da tampol. Wurin na warin baƙin mai da ruɓaɓɓiyar auduga. Tattabaru na guɗa a rufin kwano.

Ta fara. Wallahi muryar nan sai da ta sa ni ƙwalla. Shafi bayan shafi, ba ko tuntuɓe.

Can nesa aka ɗaga kiran salla. Tattabarun suka yi tsit.

A nan ta kakare.

Ta koma baya, ta sake tahowa, ta tsaya a wuri ɗaya. Ina ganin yatsunta suna murza gefen hijabi.

Sai na ji raɗa. Muryar tsoho ce, a dushe, daga cikin ofishin.

Na dubi ɗakin. Shifa'u ce kaɗai.

Na dubi allon. Wani na tsugune a hagunta, dogo ƙwarai, har ya tanƙwasa wuya kafin bakinsa ya kai kunnenta. Ƙurar auduga ta rufe shi fari fat. Ya kamata ni ma in fito a hoton, a bayan gilashi. Babu ni.

Duk wanda ya taso a makarantar allo ya san wannan: in ka kakare aka biya maka daga baya, bakinka ne ke karɓa kafin ka waiga. Shifa'u ta karɓa.

Ta maimaita abin da ya faɗa, da ƙira'arta mai daɗin nan.

"Tsaya!" Malama ta daka tsawa. "Wannan ba aya ba ce! Wa ke gefenki?"

Shifa'u ba ta tsaya ba. Shi yana faɗa, tana karɓa. Idonta a kafe.

Na banka ƙofar. Sanyi ya doke ni kamar na buɗe firji. Na fizgi hannunta, na suri kwamfutar a buɗe. Robar ta tsinke, wayar ta faɗi ƙasa, ban ko kalle ta ba.

Muka ratsa tsakanin injinan. Tampol na motsi, ba iska.

Allon da ke hannuna yana nuna silin ofis. Sai hoton ya girgiza. Ya ɗaga sama.

An ɗauki wayar.

Ƙofar ofis. Injina. Sai ga bayanmu, mu biyu, muna gudu, ana kallonmu daga can kusa da rufi.

"Innalillahi," Malama ta ce ƙasa-ƙasa. "Kar ku waiga."

Hijabin Shifa'u ya cika allon.

Malam Ya'u ya riga ya wangale ƙofa, bakinsa na motsi da addu'a. Muna taka titi intanet ya yanke, hoton ya daskare. A gefensa akwai yatsu dogaye, farare, saura kaɗan su taɓa kafaɗarta.

Na bar aikin a satin. Wayar kuwa ko da kuɗi aka haɗa ni ba na so.

Shifa'u tana ci, tana sha, tana hira da kowa. Amma in ta zauna tilawa, tana isa wurin nan sai muryar ta ɗauke. Ta karkata kai hagu, tana jira. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, Malama da kanta ta sha kira tana biya mata, abin ya ƙi wucewa. Raina na ƙuna duk lokacin da na ga haka.

Kwanaki na haɗu da Malam Ya'u a Na'ibawa. Shi ma ya ajiye gadin. Na tambaye shi dalili, ya riƙe hannuna, ya rage murya.

"Kullum magariba ana karatu a ofishin nan, Abdulbaƙi. Muryar ƙanwarka ce. Daga inda ta tsaya take ɗorawa."