Allunan Zamiyar Afra

Da hantsi aka sace allunan zamiyar Afra, biyun da take ɗaurawa a ƙafa, a ƙofar gidan shayi na ƙauyen Vent, can ƙwanƙolin dutse. Da yamma za a yi tseren 'yan mata a kan dusar ƙanƙara, kuma ba ta da wasu.

Sajan Burgl Gstrein ta 'yan sanda ta iso tana tauna burodi. Gari ya cika da baƙi, masu busa ƙaho na ta gwaji.

"Kin raba su?" ta tambayi Afra.

"Haba Inna Burgl, ni baƙuwa ce?"

A Vent ba a jingine alluna biyu tare. Kowa kan haɗa ɗaya nasa da ɗaya na aboki, a ajiye nesa da juna, ɓarawo ya kwashi waɗanda ba su dace ba. Afra da ƙawarta Leni suka haɗa. Amma ɓarawon na Afra biyun ya tsinto.

Mai shayi ya ce wani baƙo ɗan Holan ya daɗe a ƙofa. Sajan ta same shi, ya ɗaga mata ƙafa cikin filasta.

"Ranki ya daɗe, nawa ma kyauta nake neman bayarwa."

Leni kuwa ba ta motsa ba, faranti ɗaya suke ci da Afra.

"Ina naki?"

Leni ta nuna. Ga su tsaye tare, an goge musu ƙanƙara, an ɗaure, an sa 'yar takarda tsakani kada su gogi juna. Sajan ta yi dariya, ta ce wa Afra ta biyo ta shagon Kassian mai gyaran alluna, wanda 'yarsa Resi kullum ta biyu take zuwa a tsere, bayan Afra.

"Kassian, ka fita yau?"

"Ni? Aiki ya yi mini yawa."

"Baƙo ba zai san wanne ne na wa ba. Ɗan gari zai sani, amma zai yar da na Leni ya gudu. Mutum ɗaya ne a Vent ba zai iya barin allo ba takarda ba. Fito da su."

Ya jawo su daga bayan murhu. Sai ƙyalli suke, an wasa gefe, an shafe su da kaki don su yi santsi.

"Kawu Kassian!" in ji Afra. "Sata ka yi ko gyara?"

"Ɓoyewa kawai na yi niyya, Resi ta ɗana nasara ko sau ɗaya. Sai na ga gefen ya dakushe. Ke ba kya jin kunya?"

Sajan ta yarda ya kalli tseren kafin su wuce ofis. Afra ta gangaro kamar an harbo ta, ta bar Resi a baya. Kassian ya cire hula yana tsalle.

"Kun gani? Kakina ne wannan!"

"Na ji," in ji Sajan. "Ka maimaita a ofis."