Suturar 'Yar Masar

Ranar Asabar da hantsi aka kira Sufeto Hamad zuwa wani sito a unguwar Khumra ta Jidda. Wai an sace gawa. Da ya isa sai ya tarar gawar ta shekara dubu uku da mutuwa.

Dakta Maha, Bamasariyar da ta rako kayan tarihi don baje koli a Jidda, ta tsaya kan buɗaɗɗen akwati. Gawar wata yarinya ce 'yar shekara bakwai, ɗiyar wani babban bafaden Fir'auna, wadda mutanen da suka busar suka nannaɗe da ƙyalle.

"Idan danshi ya shige ta, kwana biyu ya isa ta ruɓe," in ji ta. "Halas, ta tafi ke nan."

Hamad ya leƙa akwatin. Ga abin wuyan zinare a ajiye, an ninke shi cikin takarda. Ga ƙusoshin murfin an jera su a gefe. Kai, wane irin ɓarawo ne zai bar zinare ya ɗauki ƙashi?

"Su wa suka shigo jiya Juma'a?" ya tambayi Dakta Maha.

"Mai gadi da mai shara kawai."

Aka kawo mai gadin, Haladu, Bahaushe, dogon mutum da furfura a gemu. Hamad ya sa Kofur Badr ya yi tafinta. Shi ma Hamad jikan alhazan Katsina ne, da Hausa aka yaye shi a unguwar Aziziyya, amma shekara goma sha takwas yana aiki bai taɓa yarda an ji ta a bakinsa ba. Kunya ce ta fara sa shi, daga baya ya ga abin yana kama masa masu laifi. Badr kuwa Hausarsa ta sayen masa ce a kasuwar Bab Makka, ba ta wuce nan ba.

"Ina kake lokacin sallar Juma'a?"

"Masallaci, ranka ya daɗe."

"Nuna hannunka."

Haladu ya buɗe tafukansa. Duk sun yi bororo, ɗaya ma ya fashe.

"Carbi ne ya yi maka wannan?"

"Ƙofar sito ce, nauyi gare ta."

Ƙarya tsagwaronta. Ƙofar da maɓalli ake ɗaga ta. Hamad ya ce a zaunar da shi a benci.

Sai mai shara, Fatu, wata ƙaramar tsohuwa da baƙar abaya da ta koɗe. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ta yi shara ta tafi, ba ta ga komai ba. Hamad ya juya kurar shararta, ya zaro wani siririn farin ƙyalle sabo fil, an yage shi da hannu, ba almakashi ba. Ya shinshina. Kafur.

Ƙanshin ya daki ƙirjinsa, bai san dalili ba tukuna.

Ya zaunar da ita kusa da Haladu, ya koma gefe yana latsa waya kamar ba ruwansa. Wannan ce dabararsa, kuma wallahi duk lokacin da ya yi ta sai ya ji kamar ya saci abu a ɗakin uwarsa.

"Yaya Fatu, za su ɗaure ni," Haladu ya raɗa.

"Yi shiru, Haladu. Mun yi mata sutura, Allah ya gani."

Badr ya matso da zumuɗi, ya ce da Larabci, "Na ji su, Sufeto! Sun sa mata kaya. Sutura tufafi ne. Sun yi mata shigar yara don su fitar da ita a mota. Yalla, mu rufe hanyoyi!"

Hamad bai motsa ba. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta riƙe kansa ta ce, "An yi wa babanka sutura, ka daina tsayuwa a ƙofa." Rannan ma gidan kafur yake yi.

Yana iya yin shiru. Yana iya barin Badr ya bi motoci har Madina. Amma yarinyar tana cikin ƙasar Khumra mai gishiri da laima, kuma Haladu zai sha shekaru a kan fataucin da bai yi ba.

Ya je gaban tsohuwar ya durƙusa.

"Inna," ya ce da Hausa, harshensa na nauyi, "ina kabarin?"

Badr ya saki baki. Fatu ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ɗanmu ne kai," ta ce. "Shi ne ka zauna kana sauraronmu kamar baƙo?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta kai su bayan siton, wani fili da ake zubar da katakai. Ga ɗan tudu ƙarami, an daidaita shi da alƙibla, an kafa dutse a kai. Dakta Maha ta yi kururuwa, ma'aikatanta suka hau tono da hannu.

"Ni na ɗauke ta," in ji Fatu. "Haladu rami kawai ya haƙa, ni na roƙe shi da Allah. Ban sa mata ruwa ba, na ga ba za ta jure ba. Likkafani na yi mata."

"Inna, wannan ba Musulma ba ce. Ta riga Annabi Isa zuwa duniya," in ji Hamad.

"'Yar wani ce dai. Uwarta ta binne ta, aka tono, za a sa ta a gilashi mutane su yi ta kallo. Ni tawa ko binne ta ban yi ba."

Sai maganar ta fito. Shekara shida da suka wuce 'yarta Hikima, auta, ta kamu da zazzaɓi. Ta kai ta asibiti, aka ce ta kawo takardu, ta ce za ta ɗauko. Ta fita ta laɓe bayan katanga don tsoron a kama ta. Washegari yarinyar ta cika. Aka yi ta cigiyar dangi, Fatu tana ji, ba ta je ba.

"Wata huɗu tana cikin firiji, ɗana. Kullum ina wucewa ta ƙofar. Ni ce nake wanke gawar matan unguwarmu, amma tawa na bar ta. Har yau ban san inda aka sa ta ba. Ranar da aka buɗe akwatin nan na ga ɗan tsawonta, wallahi daidai da Hikima."

Hamad ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Irin waɗannan takardu na gawar da ba a san mai ita ba, sau nawa suka biyo ta teburinsa? Baƙar yarinya, ba suna. Sa hannu yake yi ya wuce. Bai taɓa shiga unguwa ya yi tambaya da harshen da za a amsa masa ba.

Aka fito da 'yar Masar cikin farin ƙyalle, an ɗaure kai da ƙafa. Dakta Maha ta duba ta, ta sauke numfashi. Likkafanin ya tare danshin.

Badr ya zaro ankwa. Hamad ya girgiza masa kai, ya buɗe wa tsohuwar ƙofar mota da kansa. Ya san bayan shari'a jirgi ne zai mayar da ita gida, ba kuma za ta sake taka Jidda ba. Ita ma ta sani.

Ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta juyo.

"Ɗana, kai da ake buɗe wa ofisoshi, ka nemo mini inda take. Ko bayan na tafi ne, ka je ka tsaya a kanta ka kira sunanta. Ba wanda ya taɓa kiransa a wurin."

"Zan je, Inna."

"Faɗi sunan in ji."

"Hikima," in ji Sufeto Hamad, ya rufe ƙofar a hankali.